Ranar da Aka Wanke Allunan Malam

Ba su gani ba ne, ko sun gani suka wanke? Shekara biyu ke nan ina juya wannan tambaya a raina, ban samu amsarta ba. Na tambayi faccalata, matar ƙanin mijina, wadda ita ce ta riƙe soson, sai ta fashe da kuka ta ce in yafe mata. Na tambayi mijinta, ya ce in yi haƙuri, komai ƙaddara ne. Ni ba maganar yafiya na kawo ba, kuma ban musa ƙaddara ba. Abin da na tambaya shi ne, yaya mutum mai ido biyu, da rana tsaka, zai ɗauki allon da aka zana rijiyar garinsu a kai, ga bakin rijiyar, ga guga, ga igiya, ya kwara mashi ruwa ya dirje, sannan ya ce shi laka kawai ya gani?

Ban yi boko ba, a allo ma iyakata surorin salla. Autata da ke aure a Kankia ita ke rubuta wannan, na kuma gaya mata kada ta gyara mani magana, kada ta sassauta inda na yi zafi. In ta ji na yi shiru ina kuka, ta jira ni.

Malam, mijina, magini ne ɗan magini. Lokacin da aka kawo ni aure garin Ƙofa, babu zauren kirki a garin da hannunshi ko na mahaifinshi bai taɓa ba. In ya gama ɗora gini, tun yaɓen yana ɗanye, sai ya sa yatsu ya yi wa goshin zaure ado, mutane su tsaya a ƙasa suna kallo har ya sauko. Daga baya bulo da siminti da kwano suka shigo. Aikinshi ya koma gyaran rumbu da ɗaga katangar da damina ta kayar. A wajen ɗaga wata katanga ne tsani ya zame da shi, ƙugunshi ya taɓu, daga nan bai ƙara hawa sama ba. Gona ma sai dai ya je ya tsaya a kan sanda.

Mutumin da ya saba aiki da hannu, zama ciwo ne gare shi. Yakan zauna a tsakar gida yana zane a ƙasa da tsinke, awaki su bi ta kai, ya sake. Wata rana aka gyara masallacin unguwarmu, aka zubar da guntayen silin a bayan gida, ya tsinto guda biyu. Ya jiƙa ƙaro a kasko, ya tankaɗe jar ƙasa da rariyata ta gari, ya dama su tare. Ya nemo farar ƙasa, ya daka gawayi, ya kankaro baƙin hayaƙi daga rufin madafa. Asuwaki yake taunawa ya yi laushi ya shafa da shi, wurin da ke son siririn layi kuma ya sa gashin kaza.

Ranar wanki na nemi bulata, shuɗin da nake sa wa fararen kaya, na rasa.

Na ce, "Malam, wa ya ɗaukar mani bula?"

Ya ce, "Sama na yi da ita."

"Wace sama?"

"Zo ki gani, Tsohuwa, in ba ta yi ba in biya ki."

Tsohuwa yake ce mani tun ban kai talatin ba. Na je da niyyar faɗa. Ba zan ɓoye ba, ni ma a kwanakin farko dariya nake mashi, har na taɓa ce wa maƙwabciyata tsufa ya fara taɓa shi. Amma da ya juyo allon nan, sai na manta da faɗan. Tsohuwar rijiyar gari ce, wadda aka cike bayan an kafa famfo. Ga itacen da aka gitta a bakinta, har da gurbin da igiya ta ci a jikinshi. Ga komin shayar da shanu da ya tsage ta gefe ɗaya. Shekara nawa na yi ina jan ruwa a wurin nan, na manta da tsagewar, shi bai manta ba. Tun daga ranar, in zan sayo bula biyu nake sayowa.

Kafin ya yi nisa sai da ya ɗauki allo ɗaya ya kai wa limamin unguwa, don kada ya zamana yana aikata abin da bai halatta ba. Liman ya duba ya ce, "Akwai mai rai a ciki?" Malam ya ce babu. Liman ya ce, "To mi kake tambaya? Ka dai zana mani tsohon masallacinmu tun kana tuna shi." Ina so a rubuta wannan, domin daga baya an yi ta raɗe-raɗin wai malamai ne suka hana. Ƙarya ne. Babu malamin da ya hana.

Bai taɓa zana mutum ko dabba ba. Amma in ka duba da kyau mutanen suna nan. Ya zana ƙofar masallaci da takalma jere, ya san na kowa, har na wani ladan da ya rasu tun da daɗewa mai cin dunduniyar hagu. Ya zana garemani jingine a gindin gawo lokacin da manoma suka tafi shan fura. Ya zana gonakin yamma da gari kamar mutum ya hau kuka yana kallonsu, kowace da iyakarta ta gamba. Ni kuma ya zana mani madafata, duwatsun murhu uku, tukunyar kalwa a kai, kujerata 'yar tsugune, da takalmana a gefe, ɗaya ya kife. Na ce don mi ya kifar mani da takalmi. Ya ce haka nake barinshi kullum. Wannan allon ya ba ni, na rataye shi a ɗakina.

Da suka kai goma sha biyu, wasu na silin wasu na katako, washegarin ƙaramar salla, ya ce zai baje su a zaure mutane su gani. Ya share zauren da kanshi, ya jingina su a bango, ya sa rigar sallarshi ya zauna a bakin ƙofa. Ya aika aka gaya wa mutanen unguwa. Suka zo kuwa, don sun ɗauka wani sha'ani ne. Wasu suka zauna suka ba allunan baya suna jiran a kawo goro. Da suka ga babu goro, babu addu'a, suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffi biyu ne suka tsaya a gaban rijiyar suna gardama a kan shekarar da aka cike ta.

Ƙanin Malam ya shigo. Dillalin hatsi ne a kasuwar Kusada, mutum mai son a gan shi da girma. Ina bayan ƙofa ina jin su.

"Yaya, wai mi ke nan?"

"Kallo ne."

"Kallon mi?"

"Na abin da idonka ya gani."

"To in an kalla sai a yi yaya?"

"Sai a tafi gida."

Ya leƙo cikin gida yana dariya ya ce mani, "Matarmu, ki riƙa cika mashi akushi. Yunwa ce ke sa tsoho wasan ƙasa."

Na ce, "Kai da ake cika maka, mi ka taɓa ginawa ban da tumbi?"

Muka yi dariya, don akwai wasa tsakanina da shi. Ban san abin zai wuce wasa ba.

Malam bai karaya ba. Ya ce mutanen gida sun saba da shi ne, bari ya kai inda ba a san shi ba sosai. Ni dama ina kai daddawa kasuwar Kusada. Ranar wata kasuwa bayan kaka, ya naɗe allunan cikin tsofaffin zannuwana, muka ɗora a amalanken maƙwabcinmu. Duk ramin da muka faɗa sai ya dafe su kamar mai riƙon jariri. Ya jera su a jikin bangon wani shago kusa da inda nake zama da ƙwaryata.

Ranar na ga abin da ban taɓa gani ba. Mutum ya zo ya tsaya ya ce, "Baba, nawa?" Malam ya ce, "Ba na sayarwa ba ne, na kallo ne." Sai mutumin ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ka kawo kaya kasuwa ka ce ba na sayarwa ba?" Wata mata ta ɗaga ɗaya tana gwada faɗinshi da hannu, wai zai yi mata daidai da tagar ɗakinta. Wani ya tambaye ni a asirce ko maganin tsari ne na gona. Amma an taru. Har masu babura suka kashe injin suka zo leƙe. Wani ɗan ƙauyenmu ya gane gonarshi a allon gonakin yamma, ya sa yatsa yana ihu, "Ga tawa! Wallahi ga tawa, ga ma tsamiyar!" Sai maƙwabcin gonarshi ya matso ya duba ya ce an ci mashi iyaka, gamban bai kai nan ba. Suka kaure da musu, kowa na jan Malam ya yi shaida. Malam ya ce shi yadda ya gani ya zana, in suna da magana su je wurin mai gari. Yana faɗa yana murmushi. A hanyar komawa ya ce mani, "Kin ga sun kalla har sun yi faɗa."

Kafin mu tashi ne ƙaninshi ya zo, fuska a murtuke. Ashe 'yan'uwanshi dillalai sun sa shi gaba tun safe, suna tambayarshi ko yayanshi mai gonar katako zai ba su buhu nawa bana.

Ya ce, "Yaya, don Allah ka tattara kayan nan."

Malam ya ce, "Na tare maka hanya ne?"

"Ka sa ana yi da ni a rumfa. Gidanmu gidan magina ne, an san mu da mutunci. Yanzu ka zo tsakiyar kasuwa ka zauna gaban laka kamar wanda ya taɓu."

Malam ya ci gaba da gyara zaman allunanshi. Ni na tanka. Na ce da wannan lakar aka gina ɗakin da aka haife shi, da ita aka ciyar da shi har ya yi wuyan da yake ɗagawa. Malam ya ce, "Tsohuwa, bari." Na bari. Amma bai tattara ba sai bayan la'asar, lokacin da ya yi niyya tun farko.

Sau huɗu muna zuwa Kusada da su. Daga nan ya ce Kankia yake so, bakin titi, inda motocin Kano da Katsina ke tsayawa, ko Allah zai sa wani baƙo ya gani. Muka sauka gidan autata, da safe mijinta ya taimaka aka kai su kusa da tasha. Wurin bai yi mana daɗi ba. Duk tirelar da ta wuce sai iskarta ta kifar da biyu ko uku, in tashi in tayar. Fasinjoji na leƙowa ta taga, kafin su gane abin da suke gani mota ta ja. Wani direba ya sayo shinkafa da wake, ya duba bai ga wurin ajiyewa ba, ya jawo allon masallaci ya kwantar ya ɗora kwanonshi a kai. Na ɗauke kwanon na dire mashi a ƙasa. Ya ce, "Haba Inna, katako ne fa." Na ce, "Kai ma nama ne, a ɗora maka tukunya?" Mutanen wurin suka yi mashi dariya ya tashi.

Wajen azahar wani mutum ya tsaya da babur. Ba yaro ba ne, ya yi arba'in. Ya sauka ya tsuguna gaban rijiyar, ya daɗe. Ya matsa na gaba, ya kai hanci ya shinshina. Sannan ya gaida Malam ya ce, "Baba, da mi ka haɗa wannan jan?"

Tunda Malam ya fara, wannan ne mutum na farko da ya tambaye shi yadda ya yi. Kowa sai dai nawa, ko don mi. Ya shiga ba shi labari, jar ƙasar bakin wane rafi ce ta fi, wadda ta fi duhu daga wane kududdufi, yadda ake tace ƙaro, yadda farar ƙasa ke tsagewa in ta yi kauri. Ya kuma gaya mashi aibinsu guda, ba su son ruwa, ko ɗigo ne ya zauna a kai sai ya ci. Mutumin ya ce shi malamin zane ne a wata makarantar sakandare a nan Kankia. Ya ce waɗannan ba na jinginawa a ƙasa ba ne, na ratayewa ne. In an yi dogon hutu na damina, zai nemi izini a ba su aji ɗaya, a rataye su a bango kwana bakwai, a gayyato mutane su shigo su kalla a tsanake, babu tirela, babu mai shinkafa.

Daga ranar Malam ya zama wani mutum. Wata biyar yana aiki. Ya sake waɗanda ba su gamshe shi ba, ya ƙara sababbi, suka zama ashirin da bakwai har da nawa. Da hutu ya zo, saura kwana goma a buɗe, ya hau mota ya je Kankia da guduma da igiyar awonshi ta gini. Malamin ya ce zai sa a buga ƙusoshin, Malam ya ce a'a, bai taɓa barin wani ya yi mashi awo ba. Shi ya auna, shi ya buga, ƙusa ashirin da bakwai, da ƙugun nan nashi. Ya dawo yana gaya mani yadda za su jeru. In ka shigo ta ƙofa za ka fara da rijiya, ka bi ta masallaci, ka fita gonaki, ka zagayo, na ƙarshe kusa da ƙofar fita shi ne madafata, wai don kowa daga yawo gida yake komawa. Ya ce in wanke mashi farar rigarshi in sa bula. Na ce in ya bar mani ita.

Kwana uku bayan haka ya fito da su tsakar gida, ya yi masu shafen ƙaro na ƙarshe, ya shanya. Ban da nawa, da ya ce sai ranar tafiya za a sauke. Yana cikin duba su ne na ga ya zauna a ƙasa ba yadda ya saba zama ba. Bakinshi ya karkace, hannun dama ya saki. Na yi kururuwa, maƙwabta suka shigo, aka samo mota. Lokacin hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta fara tashi. Da aka ɗauke shi za a fita, na ɗauko mayafina zan bi, sai ya riƙe mani hannu da hannunshi mai lafiya, ya yi mani magana da ƙyar. Saboda maganar nan ban shiga motar ba. Na tsaya na kwashe allunan ɗaya bayan ɗaya, ashirin da shida, na kai ɗakinshi na jingina, na rufe da tabarma. Ina shigar da na ƙarshe ruwa ya sauko. Ko ɗigo bai taɓa su ba. Na ce gobe da safe sai in bi shi asibiti in gaya mashi.

Da safe kafin in gama shiri aka dawo da shi a rufe.

A wurinmu, ranar uku mata kan fito da kayan mamaci, tufafi da tabarma da buta da akushi, a wanke, a share ɗakin. Ni ina ɗakina an zaunar da ni, na shiga takaba, lulluɓe har goshi, carbi a hannu, mata cike da ɗaki, wannan ta fita wannan ta shigo. Ba na ko gane masu gaisuwar. Ina jin ƙarar guga da zubar ruwa ta bayan ɗaki, ban kawo komai a raina ba. Rariyar gidanmu ta gaban ƙofata take bi. Na ga jan ruwa yana wucewa. Na ce a raina ƙasari ne, an surfa jar dawa ana wankewa don tuwon baƙi. Na ci gaba da jan carbi ina kallonshi yana wucewa, ja, ja, wani lokaci ya yi fari-fari. Wallahi na daɗe ina kallo. Sai da na ga shuɗi.

Dawa ba ta yin shuɗi.

Na tashi na ture matar da ke gabana. Suka riƙe ni, suna cewa mai takaba ba ta gudu, mai takaba ba ta ɗaga murya, in ji tsoron Allah. Na fizge na zagaya. Faccalata na tsugune da soso da sabulu, mata biyu na zuba mata ruwa. An jera allunan a jikin katanga suna ɗiga, fes, babu komai a kansu. Na silin sun kumbura sun lanƙwashe. Wanda ke hannunta gonakin yamma ne, rabi ya tafi, sauran rabin yana gangarowa ta kan yatsunta.

Ta ɗago ta ce, "Yaya, mun ga duk sun yi laka ne, muka ce kada baƙi su shiga ɗakin su gani."

Ban san abin da na faɗa ba. An ce na yi ihun da aka ji a zaure, har maza suka yi shiru. An ce na kira ta da sunan da bai kamata ba. An mayar da ni ɗaki, tsofaffin mata suka kewaye ni suna yi mani faɗa, wai na tozarta takabata saboda katako, wai ko mutuwar ba ta sa ni irin wannan kuka ba. Ba su san mutuwar ce ta dawo sabuwa ba. Na bar mijina ya tafi shi kaɗai a bayan mota, bai cika a hannuna ba, ban ba shi ruwa ba, ban laƙƙana mashi kalmar shahada ba, don in tsare waɗannan daga ruwan sama. Na tsare su daga na sama, aka ɗebo na famfo aka zuba masu, ina zaune taku goma daga wurin ina jan carbi.

Abin da ya hana ni sakewa shi ne wannan. Faccalata ba ta taɓa zuwa zaure ko kasuwa ta gan su a jere ba, ɗakin Malam kuma da duhu, idonta ma ba shi da ƙarfi. Yana yiwuwa da gaske laka ta gani. Amma ai a rana ta wanke su. Kuma wata daga cikin masu zuba ruwan ta gaya mani daga baya cewa ƙanin Malam ne ya leƙo da safe ya ce a fitar da tarkacen ɗakin nan duka a tsabtace, manyan mutane za su zo daga Kusada. Tarkace ya ce. Bai ce a wanke alluna ba, bai kuma ce a bar su ba, alhali shi ya san ko mene ne, ya gan su a zaure, ya gan su a kasuwa. Na tambaye shi ido da ido bayan arba'in. Ya ce, "Matarmu, wanda ya yi su ma ya tafi, mi ya rage? Ki yi haƙuri." Na ce kada ya ƙara ce mani matarmu, wasa ya ƙare tsakaninmu.

Haƙuri kuwa an ba ni shi har na ƙoshi. Kowa ya shigo, ki yi haƙuri. Na yi haƙurin mutuwa, don wanda ya ba ni shi ne ya karɓa. Amma wannan ba Mala'ika ne ya yi ba, soso ne da sabulu. Babu wanda ya taɓa zuwa ya ce mani, abin da aka wanke abu ne mai daraja, mun yi ɓarna. Liman kaɗai ne da ya ji ya yi salati, ya ce, "Har da masallacin?" Na ce har da shi. Ya share ido da bakin rawani ya fita.

Malamin makarantar ya zo gaisuwa ranar bakwai. Daga bakin ƙofa ya yi mani ta'aziyya, sannan ya ce in an yarda za a rataye su ko da Malam ba ya nan, ai ƙusoshin na jira. Autata ce ta fita ta gaya mashi abin da ya faru. Ashe ranar tasha ya ɗauki hoton guda uku a wayarshi, ya tura mata. Takan nuna mani. Ƙanana ne kamar tafin hannu, kuma ba su da ƙamshin ƙasa.

Allunan da ba su lanƙwashe ba, ƙanin Malam ya aiko aka kwashe, wai kada su lalace a banza. Ya yi wa akurkin kajinshi ƙofa da su, saura ya toshe ɓarakar garken awaki. Na gani da idona ranar da na je barkar haihuwar jikarshi. A kusurwar ƙofar akurkin akwai ɗan shuɗi da soso bai kai ba. Ban shiga ɗakin mai jego ba, na juya.

Da na fita takaba na jira aka yi hutun makaranta. Na sauke madafata daga bango, na naɗe ta cikin farar rigar da na wanke mashi bai sa ba, na hau mota zuwa Kankia. Autata ta kira malamin, ya zo ya buɗe mana ajin. Ƙusoshin suna nan, a jere, tsakaninsu daidai yadda Malam ya auna. Ya ce ɗalibai na rataye jakunkuna a kansu, ya hana a cire. Na bi su da hannu daga ƙofa ina gaya mashi, nan rijiya, nan masallaci, nan gawo da garemani, nan gonakin yamma. Wasu na manta, na tsaya ina kuka, suka jira ni. Da muka zo ta ƙarshe kusa da ƙofar fita, na ce shi ya rataya, hannuna ba ya kaiwa. Ya rataya. Muka zauna a kan bencin yara mu uku muna kallo. Mai gadin makarantar ya leƙo, ya cire hula ya sosa kai, ya ce, "Wannan ai murhu ne. Wa ya kifar da takalmi?" Na ce ni ce.

Kwana bakwai ta yi a wurin, yadda aka yi wa Malam alkawari. Mutum nawa suka shiga ban sani ba, ban tambaya ba. Rana ta takwas na je na ɗauko abata. Tana ɗakina yanzu, nesa da taga, nesa da randa. In zan yi shara ba na yayyafa ruwa a ɗakin, gara in sha ƙura. Na gaya wa autata, ranar da tawa ta zo, kafin a sanar da kowa, kafin mata su shigo da guga, ta fara sauke allon nan ta kai gidanta ta kulle.

Auta, rubuta maganar da ya yi mani a bakin ƙofa, yadda ya faɗe ta, kada ki ƙara komai. Bakinshi a karkace, sai da na kai kunnena. Ya ce, "Tsohuwa, bar ni su kai ni. Ke shigar da allunan, kada ruwa ya taɓa su."